Shin manhajar kwaikwayo za ta iya maye gurbin tsofaffin na'urorin binciken mota?

Sabon Rewaya ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayen gidana da abokan sana'a. Shekara shida ke nan ina aikin wayoyin mota, kuma mafi yawan motocin da suke zuwa hannuna an ƙera su ne tsakanin 1993 da 2007. Na'urar binciken da nake amfani da ita irin ta gama-gari ce, wadda aka gina a kan guntun lantarki mai suna ELM327, kuma ba ni da ƙorafi a kanta muddin matsalar ta inji ce, domin tana karanto lambobin matsala da suka fara da P0, tana nuna zafin ruwa da juyawar inji, tana kuma kashe fitilar gargaɗi bayan an gama gyara. Amma da zarar maganar ta koma kan birkin ABS, ko jakar iska, ko giya mai canza kanta, ko mukulli mai guntun lantarki a ciki, sai ta yi shiru kamar babu wata ƙwaƙwalwar lantarki a cikin motar in ban da ta inji.

Makon jiya an kawo mini wata mota ƙirar 1999 da fitilar jakar iska a kunne. Na bi waya har na gano cewa soket ɗin da ke ƙarƙashin kujerar gaba ne ya yi tsatsa, na wanke shi, na matse ƙafafunsa, na mayar da shi yadda yake. Fitilar ta ƙi mutuwa, saboda ƙwaƙwalwar ta riƙe lambar matsalar kuma ba za ta sake ta ba sai an ba ta umarni da yarenta. Na cire kan batir ya kwana a cire, da safe na tarar da ita tana nan. Ƙarshenta sai da na tura mai motar wurin wani da ke da na'urar kamfani, ya yi aikin minti biyu, alhali ni ne na yi wahalar gano ciwon.

Maigidan da ya koya mini aiki yana da tsohuwar na'urar hannu irin wadda dilolin mota suke amfani da ita a wancan zamani. Allonta ya dushe har sai mutum ya karkata ta wajen haske kafin ya ga rubutu, maɓallin shiga ya lotse saboda yawan dannawa, katin da ke cikinta kuma da 'yar takarda naɗaɗɗiya ake tokare shi don kada ya yi motsi. Duk da haka babu ƙwaƙwalwar da ba ta shiga a motocin da aka yi ta dominsu. Yanzu an daina ƙera irinta, wadda ake samu ta hannu kuwa mutum bai san ranar da za ta daina kamawa ba.

Na ji ana cewa akwai manhajojin da suke kwaikwayon irin waɗannan na'urori a kan kwamfuta, har da hoton allonsu da maɓallansu. Abin da nake son sani daga waɗanda suka yi aiki da su shi ne, shin da gaske suna yin duk abin da ta asali take yi? Kuma idan haka ne, zan iya sakin jiki in yi manyan ayyuka da su, kamar koya wa mota sabon mukulli ko sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a kai ga tambayarka, yana da kyau ka san dalilin da ya sa na'urarka take yin shiru, domin ba lalacewa ta yi ba. Dokar da ta kawo soket mai ƙafa 16, wanda ake jona na'urar bincike a jikinsa, dokar hayaƙi ce. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocin 1996, Turai kuma ta biyo baya da EOBD, a kan masu fetur daga 2001 da masu dizal daga 2004. Abin da dokar ta tilasta wa kamfanoni su buɗe wa kowa shi ne bayanin da ya shafi gurɓata iska, wato inji da abin da ke tattare da shi. Birki da jakar iska da kulle-kullen tsaro an bar wa kowane kamfani ya yi yadda ya ga dama, kuma kowanne ya yi da yarensa.

Sannan abin da ake kira kwaikwayo a bakin mutane ba abu ɗaya ba ne, kuma rashin bambancewa shi ne yake sa wasu su yi asarar kuɗi da lokaci.

Kwaikwayo na haƙiƙa shi ne a sa kwamfuta ta riƙa nuna wa tsohuwar manhajar cewa tana cikin na'urarta ta asali. Misali mafi kyau shi ne Tech 2, na'urar da ta yi wa motocin General Motors na 1992 zuwa 2013 hidima, kuma da ita dilolin Opel da Saab da Isuzu suka yi aiki. Manhajarta tana kan katin PCMCIA ne, na baya-bayan nan mai girman megabait 32. Da kamfanin ya ga lokacin na'urar ya wuce alhali motocin suna nan a kan hanya, sai ya fito da Tech2Win, wadda take ɗaukar abin da ke kan katin ta gudanar da shi a kan Windows, kuma za ka ga allon nan da ka sani da maɓallansa na F0, F1 da sauransu, sai dai da linzamin kwamfuta kake dannawa. Tana magana da mota ta wani akwati mai suna MDI. Chrysler ma ta yi irin haka da na'urarta DRB III, inda ta sanya kwaikwayonta a cikin tsarin wiTECH domin motocin da suka riga zuwan CAN, wato tsarin sadarwar da ƙwaƙwalen motocin baya-bayan nan suke magana da shi. Mercedes kuwa tun da daɗewa ta saka HHT-WIN a cikin tsarin bincikenta na Star Diagnosis, ya tsaya a madadin na'urar hannu ta HHT da aka yi wa motocin shekarun 1990. A irin wannan kwaikwayo, jerin zaɓuɓɓuka da gwaje-gwaje da lambobin matsala duk na asali ne, domin manhajar ita ce ta asali, gida kawai aka canza mata.

Akwai kuma wanda ake kwaikwayon tsohuwar kwamfuta gaba ɗayanta. Manhajoji da yawa na wancan zamani ba sa tashi a kan Windows na yau, musamman waɗanda aka rubuta da tsarin bit 16, tunda Windows mai bit 64 ba ya gudanar da su ko kaɗan. Sai a yi amfani da VMware ko VirtualBox a gina kwamfuta cikin kwamfuta, a ɗora mata Windows XP, a zuba manhajar a ciki. Da wannan hanya ce masu gyaran BMW suke tayar da DIS, manhajar injin binciken GT1, wadda ma ba a kan Windows aka gina ta ba, a kan wani nau'in Unix na kamfanin SCO take tafiya.

Na ƙarshe shi ne wanda ni a ganina bai kamata a kira shi kwaikwayo ba, amma yana cikin mafi amfani. Wasu ne suka zauna suka nazarci yaren motar, suka rubuta sabuwar manhaja da take yin aikin tsohuwar na'ura. VAG-COM ta kamfanin Ross-Tech, wadda ta fito a shekarar 2000 kuma yanzu ake kira VCDS, tana yin aikin VAG 1551 da VAG 1552 na dilolin Volkswagen da Audi, har lambobin adireshi iri ɗaya take bi, 01 inji, 02 giya, 03 birki, 15 jakar iska, 17 allon dashbod. FORScan ma haka take ga motocin Ford da Mazda.

To, amsar rabin tambayarka ita ce eh, ta ɓangaren tunani babu abin da tsohuwar na'ura ta fi kwamfuta. Sai dai na'urar maigidanka ba tunani kaɗai ba ce, tana da baki da kunne da take magana da mota, kuma wannan ɓangaren ba a kwaikwayonsa da manhaja. Akwai wanda ya fi ni iya bayanin wannan a cikinmu, ina fata zai sa baki.

Mai Osiloskof ya amsa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya share mini hanya. Ɗan'uwa, ni ta ɓangaren lantarki na shigo wannan sana'a, kuma abin da na lura da shi a duk lokacin da wani ya ce mini manhajar kwaikwayo ba ta aiki shi ne, kusan kullum manhajar lafiyarta lau, akwatin da ke tsakanin kwamfuta da mota ne ya kasa. Wannan akwati shi ne tafinta, kuma tafinta yana iya gazawa ta hanya biyu: ko bai haɗu da wayar da ake maganar a kanta ba, ko kuma ya haɗu amma yana jinkirin isar da saƙo.

Mu fara da waya. A soket mai ƙafa 16, ƙa'ida ta kama wasu ƙafafu: ta 16 wutar batir, ta 4 da ta 5 ƙasa, ta 7 layin K, ta 15 layin L, ta 2 da ta 10 na layin sadarwar J1850, ta 6 da ta 14 na CAN. Sauran, wato 1 da 3 da 8 da 9 da 11 da 12 da 13, an bar wa kamfani. General Motors ta ɗora tsohon layinta mai gudun bit 8192 a daƙiƙa a kan ƙafa ta 9, daga baya ta sa CAN mai waya ɗaya a ƙafa ta 1. Chrysler ta sa layin CCD a ƙafa ta 3 da ta 11, Ford kuma a kan waɗannan ƙafafu biyun ta sa CAN ɗinta mai matsakaicin gudu. Saboda haka idan kebul ɗinka babu waya a ƙafa ta 9, ko da manhajar kamfani ce ta gaske a kwamfutarka, ƙwaƙwalwar da ke zaune a kan wannan layi ba za ta taɓa jin sallamarka ba. Buɗe murfin kebul a ƙirga wayoyin da aka haɗa yana warware gardama da yawa.

Batun lokaci shi ne ya fi ɓoyuwa, shi ya sa zan ɗan tsawaita a kansa. Layin K waya ɗaya ce tak, a kanta na'ura take magana, a kanta mota take amsawa, kuma idan babu mai magana tana zaune ne a ƙarfin batir ta hanyar resista mai om 510 da ke cikin na'urar bincike. Kafin ƙwaƙwalwa ta kula ka, sai ka tashe ta da abin da ake kira farkarwa mai bit 5 a daƙiƙa. Ana tura adireshinta a hankali ƙwarai, kowane bit yana ɗaukar milisakan 200, don haka bit goma suna cinye daƙiƙa biyu cur. Idan ka ɗora osiloskof a kan wayar za ka ga layin yana sauka yana hawa a natse, har kana iya ƙirgawa da ido. Daga nan ƙwaƙwalwar za ta amsa da lamba 55 a lissafin heksa, wadda sifili da ɗaya ne suke bin juna a jere, domin na'ura ta auna gudun da za a yi hirar da shi. Sai ta biyo da lambobin mabuɗi guda biyu. A ƙa'idar ISO 9141-2, dole na'ura ta juya lambar ta biyu ta mayar da ita tsakanin milisakan 25 zuwa 50. In ta yi gaggawa ko ta makara, ƙwaƙwalwar za ta koma barci, kai kuma abin da za ka gani a allo shi ne babu amsa daga mota, sai ka fara zargin waya ko fis ko ƙwaƙwalwar kanta.

Yaren KW1281 na tsofaffin Volkswagen ya fi haka tsanani, domin kusan kowace lamba da ɗaya ya tura sai ɗayan ya juya ta ya mayar kafin a tura ta gaba. Tsohuwar na'urar hannu ba ta da wani aiki sai wannan, don haka ba ta makara. Kwamfutar zamani kuwa tana da ayyuka ɗaruruwa da take rarraba wa lokacinta, kuma USB ba ya isar da lamba nan take, tarawa yake yi ya tura a dunƙule. Guntun FTDI da ke cikin kebul da yawa yana iya riƙe saƙo har milisakan 16 kafin ya miƙa shi, domin haka aka saita shi daga masana'anta. Wannan ne dalilin da ya sa masu amfani da manhajar bincike ta INPA a kan BMW suke shiga saitin tashar da kebul ɗin yake jone su mayar da wannan jinkiri zuwa 1. Idan kuma ka ɗora kwamfuta cikin kwamfuta, ka ƙara wani mataki da saƙon zai bi, jinkirin ya ƙaru. Wasu tsofaffin BMW masu zagayayyen soket mai ƙafa 20 a cikin bonet suna buƙatar akwatin ADS, shi kuwa manhajarsa kai-tsaye take taɓa tashar siriyal mai ƙafa tara, ba ta yarda da wadda aka juyo daga USB. Saboda irin waɗannan motoci ne na ajiye tsohuwar laftof mai tashar siriyal ta gaske, ba na yin komai da ita sai wannan aiki.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a mayar da kula da lokaci cikin akwatin. Akwati mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ta kansa shi yake yin farkarwa, shi yake mayar da amsa a kan kari, shi yake tura saƙon ina nan kafin daƙiƙa biyar su cika don kada hirar ta yanke, sannan ya miƙa wa kwamfuta sakamako a lokacin da ta samu sarari. MDI irin wannan ne, haka kebul ɗin VCDS na asali, haka akwatunan da suke bin ƙa'idar SAE J2534, wadda Amurka ta dogara da ita tun daga motocin 2004 domin garejoji masu zaman kansu su iya sake rubuta ƙwaƙwalwar inji. Sai dai a kula, ɓangaren farko na wannan ƙa'ida ya tattara yarukan da aka fi sani ne, tsofaffin yaruka na kamfani ɗaya kamar layin 8192 suna cikin ɓangare na biyu wanda ba dole ba ne a kan mai ƙera akwati. Don haka ganin J2534 a jikin kwali bai isa shaida ba, sai ka duba jerin yarukan da akwatin yake ji.

Ma'ajin Tsofaffin Kaya ya amsa:

Malamai sun yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina da ɗan saɓanin ra'ayi da Baba a kan cewa tsohuwar na'ura ba ta fi kwamfuta da komai ba. DRB III, alal misali, tana da ɓangaren mita da osiloskof da ake jona mata wayoyin gwaji, kuma babu manhajar da za ta auna wuta a kan waya ba tare da wani abu ya taɓa wayar ba. Ban da haka, na'urar hannu daga batirin mota take shan wuta, tana tashi cikin daƙiƙoƙi, ba ta sabunta kanta a tsakiyar aiki, kuma ana iya riƙe ta da hannu ɗaya a gwajin hanya. Wanda yake da ita lafiyayya kada ya rabu da ita. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya kwafe abin da ke kan katinta ya adana a wuri biyu, domin katin da allon su ne suke fara gajiya.

A kan tambayarka ta biyu, ɗan'uwa, ina roƙonka ka raba aikin gida biyu a zuciyarka. Karanta lamba, goge ta, kallon bayanan sensa, kunna fanka ko famfon ABS don gwaji, duk waɗannan idan hira ta yanke a tsakiya babu abin da zai faru face ka sake farawa. Rubuta manhajar ƙwaƙwalwa ba haka yake ba, saboda sai an goge tsohuwar kafin a zuba sabuwa, kuma a tsofaffin ƙwaƙwale da dama idan aka katse a wannan tsakanin ba sa sake amsawa ta soket.

Ya taɓa faruwa da ni, shi ya sa nake magana da zafi. Na sa wata ƙwaƙwalwar inji a rubutu da kebul na jabu da na saya saboda araha, ta cikin kwamfuta cikin kwamfuta, batirin motar kuma ban jona masa komai ba. Layin ci gaba ya wuce rabi, sai na ji ƙarar da Windows yake yi idan an zare USB, alhali ban taɓa komai ba. Layin ya tsaya cik. Na juya mukulli, fitilar inji ba ta kawo ba, famfon mai bai yi ƙugin nan nasa na daƙiƙa biyu ba, fankar lagireto kuma ta kama gudu ita kaɗai. Motar da ta shigo da ƙafarta sai da aka ciro ƙwaƙwalwarta aka buɗe, aka ɗaga guntun ajiya aka rubuta shi a kan tebur, mai ita kuma ya yi kwanaki yana jira. Tun daga ranar ba na rubutu sai da akwati na asali, kai-tsaye a kan kwamfuta, an kashe mata barci da tanadin wutar USB, an jona ta da caja, batirin mota kuma an riƙe shi da na'urar wuta mai tsayayyen ƙarfi sama da bolt 13.

Akwai kuma maganar amana. Yawancin manhajojin kamfani suna da lasisi, Tech2Win da wiTECH ma sai da rajistar da ake sabuntawa ta intanet. Kwafin da aka fasa ake yawo da shi hakkin wasu ne, kuma ko ta fuskar aiki ba ka san abin da aka canza a cikinsa ba, ba ka san abin da aka cusa ba. Windows XP kuwa tun watan Afrilun 2014 aka daina yi masa gyaran tsaro, don haka duk kwamfutar da kake gudanar da shi a kanta ka raba ta da intanet.

Sabon Rewaya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayen gidana, Allah ya ƙara basira. Yanzu na fahimci cewa kuɗin da nake shirin kashewa a kan sabuwar laftof, a kan akwatin tsakani ya kamata in fara kashe shi. Maganar rubuta ƙwaƙwalwa kuma na ajiye ta gefe sai na samu kayan da suka dace.

Bari in taƙaita a kan motocin da suka fi zuwa mini, wato Mercedes W202 da W210, sai Golf 3 da tsofaffin Audi. Ina da ɗan gajeren kebul da yake juya zagayayyen soket mai ƙafa 38 na Mercedes zuwa mai 16. Idan na jona shi, wani lokaci inji yana amsawa, amma ban taɓa samun birki ko jakar iska ba. Na buɗe shi bayan na karanta bayanin Malam Mai Osiloskof, sai na tarar da wayoyi huɗu kacal a ciki. Shin idan na samu manhajar HHT-WIN zai yi aiki da wannan kebul, ko wani abu daban nake buƙata?

Mai Osiloskof ya sake amsawa:

Ba zai yi ba, ɗan'uwa, kuma wayoyi huɗun da ka gani su ne dalili. A soket mai ƙafa 38, Mercedes ba ta tara ƙwaƙwalen a kan layin K ɗaya ba, kowacce ta ba ta ƙafarta. Ƙafa ta 1 ƙasa ce, ta 3 wutar batir, ta 4 inji, birki da giya da jakar iska da na'urar sanyaya ɗaki kuma kowanne yana da tasa ƙafar daban. Kebul ɗinka ya ɗauki wuta da ƙasa, ya jona layin K da ƙafar inji, shi ke nan abin da zai iya. Akwatin Star Diagnosis ana kiransa mai rarraba layi ne saboda a cikinsa akwai makunnai da suke karkatar da layin zuwa ƙafar da manhaja ta nema, kuma HHT-WIN da irin wannan akwati aka yi shi ya yi magana, bai san ELM327 ba. Kana buƙatar akwatin tare da kebul ɗinsa mai cikakkun wayoyi 38, da kwamfuta mai Windows na bit 32. Kada ka yi dabarar haɗe ƙafafun duka a waya ɗaya, domin idan ƙwaƙwalwa ɗaya ta ja layin ƙasa ta rufe bakin sauran, kuma a cikin ƙafafun akwai masu ɗauke da siginar da ba ta bincike ba ce.

Golf 3 da Audi sun fi sauƙi, kuma da su nake ba ka shawarar farawa. A can ƙwaƙwalen suna kan layin K ɗaya, adireshi ne yake bambanta su. Waɗanda suka riga soket mai ƙafa 16 suna da ƙananan soket biyu masu ƙafa bibbiyu, baƙi na wuta da ƙasa, fari na K da L, kuma kebul mai juyawa ya isa tunda babu abin rarrabawa. Akwai VCDS-Lite da aka yi domin motocin da suka riga CAN, tana aiki da kebul mai sauƙi irin na KKL, amma tunda a nan kwamfuta ce take kula da lokaci, ka mayar da jinkirin tashar zuwa 1, ka rufe sauran manhajoji, kuma kada ka bi ta kwamfuta cikin kwamfuta in ba dole ba.

Kafin ka jona komai a kan waɗannan motoci, ka auna ƙafa ta 7 ta soket mai ƙafa 16 da mita. Akwai matsala sananniya a Volkswagen da Audi na ƙarshen shekarun 1990, inda rediyon da ba na kamfani ba yake haɗe layin K da wutar batir ta soket ɗinsa. Idan haka ta faru babu ƙwaƙwalwar da za ta amsa, kuma yana iya ƙona guntun da ke cikin kebul ɗinka a karon farko da ya yi ƙoƙarin jan layin ƙasa. Tun da mita tana iya nuna bolt 12 ko a layi mai lafiya, ka sa resista mai om 1000 tsakanin ƙafa ta 7 da ta 4, mukulli a buɗe, ka sake aunawa. Idan wutar ta faɗi sosai layin lafiya yake, idan kuma ta tsaya daram a ƙarfin batir, ka zare soket ɗin rediyo ka sake gwadawa, sannan ka fara da adireshi 01 ka ga ko inji zai amsa kafin ka wuce zuwa 03 da 15.